Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yaƙi da Wariyar Launin Fata

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a shekarar 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa. Tun yana matashin malami ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda ya nuna yadda cinikin bayi ya raba uwa da ɗanta.

A shekarar 1957 ya zama Firayim Minista, kuma yana kan wannan muƙami Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960. A watan Oktoba na wannan shekara ƙasar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya.

A lokacin, gwamnatin Turawa tsiraru ta Afirka ta Kudu tana danne baƙar fata. A watan Maris na 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a garin Sharpeville. Gwamnatin ta nace cewa wariya al'amarinta ne na cikin gida. Abubakar bai yarda ba. A taron ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Landan a 1961, shi da wasu shugabanni suka tsaya kai da fata a kan cewa mutuncin ɗan Adam ya shafi kowa. Dole Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar.

An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi. Amma Nijeriya ta ci gaba da wannan gwagwarmaya har wariya ta kau a 1994. Allah ya jiƙansa.