Charles Drew: Likitan da ya gyara hanyar ajiye jini, da ƙaryar da ake yaɗawa kan mutuwarsa

Idan kana yawan leƙa Facebook ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da hoton wani likita Baƙar fata ɗan Amurka, da rubutu a ƙasa cewa shi ya ƙirƙiro bankin jini, amma ya mutu saboda asibitin Turawa ya ƙi yi masa ƙarin jini. Labarin yana sosa rai, shi ya sa ake ta tura shi. Sai dai ba haka abin ya faru ba.

An haifi Charles Richard Drew a birnin Washington ranar 3 ga Yuni, 1904. Gwanin wasanni ne, kuma wasan ne ya sama masa tallafin karatu a Kwalejin Amherst. Daga nan ya wuce Jami'ar McGill a Kanada, ya gama karatun likita a 1933. A 1940 ya samu digirin dakta a kimiyyar likitanci daga Jami'ar Columbia, Baƙar fata na farko da ya samu wannan digiri a can. Bincikensa a kan ajiye jini ne.

To, me ya sa ajiye jini yake da wuya? Jinin da ke bin jijiyoyinmu gauraye ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar oksijin ga sassan jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai ƙananan ƙwayoyi da ke taimakawa jini ya daskare idan ka yanke. Dukkansu suna iyo ne a cikin wani ruwa mai launin rawaya da ake kira filasma, wanda shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jini. A wancan lokaci jajayen ƙwayoyin ba sa daɗewa a ajiye suke lalacewa. Amma idan aka ware filasma, yana jure ajiya da doguwar tafiya. Wanda ya zubar da jini da yawa, jijiyoyinsa sun rasa abin da zai cika su, bugun jini ya faɗi. Filasma yana iya riƙe shi kafin a samu cikakken jini.

Ba Drew ne ya gano filasma ba, a faɗi gaskiya. Abin da ya yi shi ne tsara aikin. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, aka ba shi jagorancin ɓangaren likitanci na shirin tara jini a New York domin Birtaniya. Ya sa asibitoci suka bi ƙa'ida ɗaya wajen ɗiban jini, da gwada shi kada ƙwayoyin cuta su shiga, da ajiye shi. Cikin 'yan watanni aka aika fiye da lita 5,000 na ruwan filasma. A 1941 ya jagoranci bankin jini na gwaji na Red Cross a New York.

Nan ne abin takaicin yake. Da aka fara tara jini wa sojojin Amurka, sai aka ƙi karɓar na Baƙaƙe. A 1942 aka fara karɓa, amma ana ajiye shi daban. Drew ya fito fili ya soki tsarin, domin ba shi da tushe a kimiyya. Rukunin jini, A ko B ko AB ko O, shi ake dubawa, launin fata ba ya cikin lissafi. Ya riga ya koma Jami'ar Howard, inda ya ƙarasa rayuwarsa yana horar da matasan Baƙaƙe aikin tiyata.

Ranar 1 ga Afrilu, 1950, yana tuƙi da abokan aikinsa uku za su taro a Tuskegee, motar ta kife a jihar North Carolina. Aka kai shi wani asibiti a Burlington, likitoci Turawa suka yi bakin ƙoƙarinsu, amma raunukan sun yi muni. Likitocin da suke tare da shi a motar sun tabbatar an ba shi kulawa. Ya rasu yana da shekara 45.

Wariyar da ya sha gaskiya ce, kuma ta isa a ba da labarinta ba tare da ƙari ba. Saboda haka idan hoton nan ya sake biyowa ta wayarka, kada ka tura, gyara wa wanda ya turo. In kuma kana da lafiya, je asibiti ka ba da jini. Akwai mai naƙuda ko mai sikila da ke jiran leda ɗaya.