Johanna Döbereiner, matar da ta raba waken suya da buhun uriya

Duk manomin waken suya da ya tambayi kuɗin buhun uriya a kasuwar Malanbil ya dafe kai, ya kamata ya san labarin wannan mata. Kusan shekara 50 ta yi tana nuna cewa shuke-shuke, ciki har da wannan, suna iya samar wa kansu abin da ke cikin buhun.

An haife ta ran 28 ga Nuwamba 1924 a Aussig, cikin tsohuwar Cekoslobakiya. Bayan yaƙin duniya na biyu mahaifiyarta ta rasu a sansanin tsare mutane, ita kuma aka kore ta zuwa Jamus, inda ta yi ƙwadago a gonaki. Ta gama karatun aikin gona a Munich a 1950, ta ƙaura Burazil, ta kama aikin binciken ƙasar noma a Seropédica.

Abin da ya ɗauke hankalinta yana saiwa. Kashi 78 cikin 100 na iska nitrojin ne, wanda ake kira azot da Faransanci, amma shuka ba ta iya shansa kai tsaye. Wasu ƙwayoyin bakteriya kan shiga saiwar waken su yi 'yan ƙulle-ƙulle, su kamo shi daga iska su ciyar da shukar, ita kuma ta biya su da sukari. In ka tsaga ƙullin ka ga ja-ja a ciki, aiki na tafiya. In aka zuba uriya da yawa, sai shukar ta yi kasala, ƙullayen su ragu.

A shekarun 1960, da Burazil ta tashi faɗaɗa noman waken, masana da dama sun so a bi hanyar takin nitrojin. Johanna ta kafe: a zaɓi iri da ƙwayoyin da suka dace da juna, a shafa wa irin kafin shuka. Ita ta yi rinjaye. Yau Burazil ce kan gaba a duniya wajen noman waken suya, kusan ba tare da takin nitrojin ba. Kada dai manomin Alibori ya ɗauka an yafe masa taki dukka. Ƙullayen ba sa aiki sosai in ƙasa ba ta da fosfat.

An gabatar da sunanta don kyautar Nobel a 1997, ba ta samu ba. Ta rasu a Seropédica ran 5 ga Oktoba 2000. Ƙwayar bakteriya Azospirillum doebereinerae sunanta ta ci.