Jean Purdy: Nas Ɗin Da Ta Yi Gadin Ƙwai Ɗaya

Yau zan ba ku tarihin wata baturiyar Ingila wadda ta rasu tun 1985, sunanta Jean Purdy. Dalili kuwa, ko a nan Gayam ta ƙasar Birnin Gwari inda nake koyarwa, da wuya ka shiga unguwa ba ka sami matar da ta shekara biyar ko goma a ɗakin miji ba ta ko yi ɓatan wata ba. Mun san irin gorin da takan sha wajen kishiya da dangin miji. Yanzu wasu sukan ji labarin dashen ƙwai, watau abin da likitoci ke kira IVF, har su yi tunanin sayar da saniya ko gona su nufi birni. To, a wannan aiki akwai hanyoyi biyu, kuma rayuwar wannan mata ita ce ta fi bayyana bambancinsu.

An haifi Jean Purdy a birnin Kambirij ran 25 ga watan Afrilu 1945. Mahaifinta ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Kambirij, ba wani mai dukiya ba. Da ta gama makarantar 'yan mata sai ta shiga koyon aikin jinya a Asibitin Addenbrooke na garinsu, ta fito cikakkiyar nas. Cikin 1968, tana da shekara 23, ta nemi aikin mataimakiya wajen wani masanin kimiyya, Dokta Robert Edwards, aka ɗauke ta.

Shi Edwards abin da ya sa gaba shi ne taimakon matan da hanyar ƙwansu ta toshe. Kun san kowane wata jikin mace yakan nunar da ƙwai guda ɗaya, ya biyo wata 'yar siririyar hanya, a nan yake gamuwa da maniyyin miji, kana ya gangara mahaifa ya zauna. Idan hanyar nan ta toshe, ciki ba zai shiga ba ko da ƙwan lafiyayye ne. Dabarar ita ce a ciro ƙwan, a haɗa shi da maniyyin mijin a cikin ɗan faranti, in ya fara girma a mayar da shi mahaifar matar. Mai ciro ƙwan shi ne wani likitan mata, Patrick Steptoe, wanda ke aiki a garin Oldham, kusan mil 200 daga Kambirij. Haka Jean da Edwards suka yi ta zirga-zirga a mota tsakanin garuruwan nan biyu har shekara goma. Cikin 1971 hukumar binciken likitanci ta Ingila ta ƙi ba su kuɗi, duk da haka suka ci gaba a wani ɗan ƙaramin asibiti mai suna Kershaw. Jean ce mai haɗa ruwan da ake renon ƙwai a ciki, ita ce mai tsabtace kayan aiki, mai duba ƙwai a madubin likita, mai kwantar wa matan da hankali, kuma ita ke rubuta kome a littafi, ba ta tsallake ko ɗaya.

Da farko hanyar allura suka bi. Tunaninsu shi ne, tun da ƙwai ɗaya yana iya lalacewa, gara a yi wa mace allurar da za ta tayar da ƙwai da yawa a wata guda. Ƙwai kam an samu, sun kuma yi girma a faranti, amma da an mayar da su mahaifa sai jini ya zo. Ashe allurar tana gajarta kwanakin da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan al'ada, saboda haka kafin ɗan tayi ya kama, shimfiɗar mahaifa ta riga ta zube. Suka ƙara wata allura don ta riƙe cikin, daga baya suka gane ita ma ɓarna take yi. Cikin 1974 mahaifiyar Jean ta kwanta ciwo, ta bar aiki ta koma jinyarta. Wata da watanni aikin ya tsaya cik, don babu mai iya riƙe ɗakin gwajin sai ita. Da ta komo aka ci gaba. Cikin 1975 wata mata ta sami ciki, ana cikin murna sai aka ga a hanyar ƙwai ya zauna, ba a mahaifa ba, tilas aka cire shi.

Cikin 1977 suka yanke shawara su ajiye allurar nan gaba ɗaya, su bi zagayen watan mace yadda Allah ya halicce shi. Wannan hanya ta fi wuya ga ma'aikata, domin jikin matar ne ke sa lokaci, ba likita ba. Sai a riƙa auna fitsarinta bayan kowane 'yan awoyi, dare da rana, ana neman alamar da ke nuna ƙwai ya kusa fita. Da an gan ta sai a lissafa awoyi a shiga ɗakin tiyata, ko da tsakar dare ne. In an yi gaggawa ƙwan bai nuna ba, in an makara ya riga ya fice, sai kuma wani watan.

A wannan hali ne wata mata daga Bristol, Lesley Brown, ta zo, bayan ta shekara tara tana neman haihuwa. Ran 10 ga watan Nuwamba 1977 Steptoe ya ciro mata ƙwai guda ɗaya tak. Jean ce ta fara ganinsa a madubi yana rarrabuwa. Bayan kwana biyu da rabi aka mayar da shi, ya kama. Ran 25 ga watan Yuli 1978, kusan sha biyun dare, aka yi wa Lesley aiki a Babban Asibitin Oldham aka ciro 'ya mace lafiyayya, aka sa mata suna Louise. Ita ce ta farko a duniya. Ran 14 ga watan Janairu 1979 aka haifi na biyun nasu, namiji, a Glasgow, shi ma ba da allura ba. Littattafan da aka ajiye na wannan aiki sun nuna mata 282 ne suka ba da kansu aka gwada, jarirai biyu kaɗai suka rayu. Ku dubi yawan matan da suka koma gida hannu wofi, kuma Jean ta san kowacce da fuskarta.

Sai dai kada wata ta ce ashe allura ba ta da amfani. Cikin 1981 likitocin Ostareliya suka nuna in an san irin maganin da awonsa, tayar da ƙwai yana ba da ciki. A ƙarshen shekarar nan aka haifi jaririyar farko ta Amurka, ita ma ta hanyar allura, a asibitin da Dokta Georgeanna Jones da mijinta ke riƙe da shi. Asibitin Bourn Hall, wanda Jean ta nemo gidansa kusa da Kambirij, suka buɗe shi su uku cikin 1980, shi ma ya koma ga magani. Yau akasarin asibitoci hanyar allura suke bi. Mace takan sha allura kullum wajen kwana 10 zuwa 12, ana yi mata hoton ciki, a sami ƙwai da dama, a zaɓi mai kyau a dasa, a daskarar da saura don gaba. Ta fi saurin ba da ciki a gwaji ɗaya, amma tana da tsada, wani lokaci gidan ƙwai yakan kumbura har a kwantar da mace, kuma in an dasa fiye da ɗaya akan sami tagwaye ko 'yan uku waɗanda sukan zo bakwaini. Hanyar bin wata kuwa babu wahalar magani, kuɗin kowane gwaji ya fi sauƙi, amma ƙwai ɗaya ne, yana iya kuɓucewa, sai an yi ta maimaitawa. Takan dace da wadda ko an yi mata allura ƙwanta ba ya yawa, ko wadda maganin ke cutar da ita. Akwai kuma tsaka-tsaki, watau magani kaɗan.

Jean ta rasu ran 16 ga watan Maris 1985 a asibitin da ta koyi jinya, sanadin ciwon dajin fata, tana da shekara 39. Lokacin nan yara 370 aka samu ta hanyar aikinta. Da hukumar lafiya ta Oldham za ta kafa allon tunawa, sai ta sa sunan mazan biyu ta bar nata. Edwards ya rubuta takarda cikin 1981 ya nuna rashin yardarsa, ya ce gudummawarta daidai take da tasu, ba a saurare shi ba. Cikin 2010 aka ba shi kyautar Nobel shi kaɗai, don ba a ba wanda ya riga ya rasu. Sai cikin 2015 aka kafa allo mai ɗauke da sunanta a Kershaw, cikin 2018 kuma Louise Brown da kanta ta je kabarinta a ƙauyen Grantchester ta ajiye furanni.

Aikin nata ya iso mu. Dokta Ibrahim Wada, wanda ya yi aiki a Bourn Hall, shi ne ya jagoranci dashen da aka haifi wata yarinya da shi a Abuja cikin 1998. Game da addini kuwa, tun 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma suna cikin igiyar aure.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki sayar da ko akuya, ku je asibiti ke da maigida a auna ku duka biyu, domin sau da yawa matsalar daga wajensa take, wata kuma ana maganinta ba sai an kai ga dashe ba. In har likita ya ce dashe, ki tambaye shi wace hanya ce ta dace da shekarunki da jikinki, nawa ne kuɗin magani dabam da na aiki, ƙwai nawa zai dasa, kwana nawa kuma za ki zauna a birni, tun da daga nan ba a zuwa Kaduna ko Abuja kullum a komo. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe darasin kimiyya da lissafi, ku saba da rubuta abin da kuka gani daidai, don da littafin Jean ne aka gane inda kuskure yake.

Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya raya mana waɗanda ya ba mu. Sai mun sake saduwa.