Taslim Olawale Elias (1914-1991): Lauya, Minista, Malamin Jami'a

An haifi Taslim Olawale Elias a birnin Legas ranar 11 ga Nuwamba, 1914. Ya yi karatu a Kwalejin Igbobi, ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa, sannan ya tafi Ingila a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 ya zama lauya, a 1949 kuma Jami'ar Landan ta ba shi digirin digirgir a fannin shari'a.

Maimakon ya dawo gida ya buɗe ofishin lauya kamar yadda akasarin tsararrakinsa suka yi, sai ya zauna bincike a Jami'ar Manchesta, daga baya a Okusfod. A waɗannan shekarun ne ya wallafa Nigerian Land Law and Custom (1951) da The Nature of African Customary Law (1956). Littafin na biyu raddi ne ga ra'ayin da ya yi kaka-gida tsakanin wasu Turawan mulki da masana halayyar al'umma, cewa Baƙar fata ba su da doka, al'ada kawai gare su da tsoron sarki. Elias ya nuna cewa al'ummun Afirka, masu sarauta da marasa ita, suna da ƙa'idojin mallaka da gado da diyya, suna da hanyoyin sauraron ƙara da karɓar shaida, kuma shi kansa sarki amintacce ne a kan ƙasar jama'a, ba mamallakinta ba. Mai nazarin gandu da gadon gona a ƙasar Hausa, inda al'ada da fiƙihun Malikiyya da dokar filaye ta 1910 suka haɗu a kan gona guda, zai iske wannan mahanga tana da amfani har gobe, ko da yake ƙarfin misalansa ya fi karkata ga kudanci.

A 1960 ya shiga gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin Babban Lauyan Tarayya kuma Ministan Shari'a, na farko a Najeriya mai 'yancin kai. Yana cikin waɗanda suka tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. Juyin mulkin Janairun 1966 ya raba shi da kujerarsa, ya koma Jami'ar Legas a matsayin farfesa kuma shugaban tsangayar shari'a. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Yakubu Gowon ta mayar da shi kan muƙamin Babban Lauya, ya riƙe shi tare da aikin jami'a har 1972.

A nan ne rayuwarsa ta fi wuyar aunawa. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi, inda ta soke wata dokar soja da aka ƙwace dukiyar mutane da ita, bisa hujjar cewa gwamnati ta shiga hurumin kotu. Ba a yi nisa ba gwamnati ta fito da doka mai lamba 28 ta wannan shekara, wadda ta rushe hukuncin, ta kuma hana kotuna tuhumar ingancin dokokin soja. Mutumin da ke koya wa ɗalibai fifikon doka a aji, shi ne mai ba wannan gwamnati shawara kan shari'a a lokacin. Ana iya cewa zaman masani irinsa a cikin gwamnatin da ta fito daga yaƙin basasa ya fi rashinsa alheri. Duk da haka, sunansa da iliminsa sun ba mulkin soja wata rigar halasci da ba zai iya ɗinka wa kansa ba.

A 1972 aka naɗa shi Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya gaji Sir Adetokunbo Ademola, alhali bai taɓa zama alƙali ba. Shekara uku kacal ya yi. Gwamnatin Murtala Muhammad ta sauke shi a 1975, lokacin tankaɗe da rairayar da ta yi wa ma'aikata, sannan, abin mamaki, ita ce dai ta tsayar da shi takarar kujerar Kotun Duniya da ke birnin Heg.

Can ɗin ba baƙon wuri ba ne a gare shi ta fuskar ilimi. Ya daɗe a Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi ya jagoranci babban kwamitin taron Biyana na 1968 zuwa 1969 da ya samar da dokar yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe. Ya kama aiki a kotun a 1976, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A ƙarƙashin shugabancinsa ne kotun ta yanke, a 1984, cewa tana da hurumin sauraron ƙarar da Nikaragua ta shigar a kan Amurka. Yana alƙalin kotun har ranar 14 ga Agusta, 1991, da ya rasu a Legas.