Harry Ferguson: Daga Bakin Garma Zuwa Filin Tsere

Da wuya a samu ɗalibi a makarantar nan da bai taɓa ganin jar taraktar nan mai ɗauke da sunan Massey Ferguson ba, ko tana huɗa a gona, ko an kafe ta a kan duwatsu a bayan wata sakatariya. Haka kuma da wuya a samu ɗakin kwanan maza da ba a taɓa taruwa a kan waya ɗaya ana kallon tseren motoci na miƙaƙƙiyar hanya ba, irin wanda Nissan GT-R ke fizga daga tsaye ta cinye mita 402 kafin mutum ya gama gyara zama. Tarakta da motar tsere kamar ba su haɗa komai ba. Ni kuwa na ce matsala ɗaya ce ke damun su, wato yadda ƙarfin inji zai sauka ƙasa ba tare da taya ta yi ta juyi a banza ba. Akwai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan matsala, kuma sunansa ne rabin abin da ke rubuce a jikin taraktar.

An haifi Harry Ferguson ran 4 ga Nuwamba 1884 a wani ƙauye da ake kira Growell, kusa da Dromore a arewacin Ailan. Ɗan manomi ne, gidan 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma tun yana yaro ya tsani noma, musamman bin bayan doki da garma daga safe har yamma. Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu a farkon damina ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 1902 ya bar gona ya koma garejin wansa Joe a Belfast, inda ake gyaran kekuna da motoci, da dare kuma yana zuwa kwalejin koyon sana'a ta garin. Ka ga ke nan irinmu ne, ba daga wata babbar jami'a ya fito ba. Ya yi tseren babur don tallata garejin, sannan ya ƙera jirgin sama da hannunsa, ya tashi da shi ran 31 ga Disamba 1909 a Hillsborough. Tashin bai yi wani nisa ba, amma ya ishe shi zama ɗan Ailan na farko da ya ƙera jirginsa ya kuma tuƙa shi.

A 1911 ya buɗe nasa kamfanin sayar da motoci. Yaƙin duniya na farko ne ya maido shi gona ta bayan gida. Abinci ya yi ƙaranci, a 1917 hukumar noma ta Ailan ta ɗora masa aikin zagayawa ya duba yadda manoma ke amfani da tarakta. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Taraktocin zamanin jan garma suke yi kamar yadda doki ke ja, da sarƙa ko sandar ƙarfe guda. Don kada taya ta yi santsi sai a ƙera su da nauyin tsiya, su danne ƙasa, su sha mai. Mafi muni, in garma ta ci karo da dutse ko saiwar itace ta tsaya cik, tayoyin baya ba sa tsayawa, sai gaban taraktar ya ɗaga sama ta kife ta baya ta danne direba. Mutane da yawa sun mutu a haka.

A nan ne nake ganin basirar mutumin, kuma ina roƙon 'yan sashen injiniya su karanta wannan wuri a tsanake. Ferguson da abokin aikinsa Willie Sands suka ce a daina jan garma, a ɗaura ta a jikin tarakta su zama abu ɗaya. Suka yi ta gwaji shekara da shekaru har suka kai ga maɗauri mai hannu uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Idan ƙasa ta riƙe garma, hannayen ƙasa ja suke yi, na sama kuwa turi yake yi, sai nauyin garmar da turjiyar ƙasar su hau kan tayoyin baya. Ma'ana, ƙaramar tarakta marar nauyi tana aron nauyi daga aikin da take yi. In an bugi dutse kuma, turin hannun sama danne gaba yake yi, ba ɗaga shi ba. Suka ƙara da haidirolik mai jin wannan turi: ƙasa ta yi tauri ya ɗan ɗaga garma, ta yi laushi ya sauke. Leƙa bayan kowace tarakta a sashen noma yau, hannayen nan uku za ka gani.

Taraktar gwaji da ya kammala a 1933, wadda ake kira Baƙar Tarakta saboda fentinta, ita ta nuna abin yana aiki. Sai dai Ferguson ba shi da masana'anta, kuma, gaskiya, mutum ne mai wuyar zama. Duk wanda ya haɗa hannu da shi sai sun ɓata. Ya fara da David Brown na Huddersfield a 1936, ba a je ko'ina ba suka saɓa. A 1938 ya kwashi taraktarsa ya kai wa Henry Ford a Dearborn ta Amurka, aka gwada ta a gona a gaban tsohon. Ford ya gamsu, suka yi musafaha: Ford zai ƙera, Ferguson zai sayar. Babu takarda, babu sa hannu. Ford 9N ta fito a 1939, aka sayar da dubu ɗaruruwa. Da jikan Ford, Henry Ford na biyu, ya karɓi kamfani, ya duba littattafai ya ga asara ake yi, sai ya yanke hulɗar a 1947, ya ci gaba da fitar da sabuwar tarakta da tsarin da ya yi kama da na Ferguson. Ferguson ya kai ƙara yana neman dala miliyan 251. Sai a 1952 aka sasanta a kan dala miliyan 9.25, bayan lauyoyi sun ci rabonsu. Masu haɗa guiwa da wani ɗan kasuwa a kan aikinsu na kammala karatu, don Allah ku rubuta yarjejeniya, ko da kuwa kawunku ne.

Ana wannan rigima, kamfanin Standard na Coventry a Ingila ya riga ya fara ƙera masa TE20 tun 1946, 'yar ƙaramar tarakta mai ruwan toka. Zuwa ƙarshen 1956 an yi sama da rabin miliyan. Da irinta Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a Janairun 1958. A 1953 Ferguson ya haɗe kamfaninsa da Massey-Harris na Kanada, shekara na zagayowa ya yi fushi ya sayar da hannun jarinsa ya fita. Sunan dai ya zauna.

To ina motar tsere ta shigo? Son gudu bai taɓa barin sa ba. Yana cikin waɗanda suka kawo babban tseren motoci na zagayen Ards kusa da Belfast a 1928, wanda ake yi a kan titunan jama'a. An daina shi bayan 1936, lokacin da wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, mutum takwas suka mutu. Duk sanda na ga samari na wasan mota a kan titi ranar ɗaurin aure, yara sun yi dafifi a gefe, wannan lamba ce ke faɗo mini.

A 1950 ya kafa kamfanin bincike tare da 'yan tsere biyu, Freddie Dixon da Tony Rolt. Burinsa motar gida mai jan taya huɗu kullum, wadda ba za ta zame a kan jiƙaƙƙen titi ba. Ba shi ya ƙirƙiro jan taya huɗu ba fa, Jeep da Land Rover suna nan tun kafin nan. Amma nasu na laka da rairayi ne, irin wanda direba ke sa wa in ya maƙale ya cire in ya hau kwalta, domin a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, in an ɗaure su wuri ɗaya ƙarafa murɗewa suke yi. Mutanen Ferguson suka sa marabar ƙarfi a tsakiya, mai barin gaba da baya su ɗan bambanta a gudu, amma da zarar ɓangare ɗaya ya fara juyin banza sai ta kulle ta tura ƙarfin inda ake da riƙo. Manyan kamfanoni suka kalla, suka yaba, babu wanda ya saya. Sai aka yanke shawarar a ƙera motar tsere a nuna wa duniya.

Bai ga wannan mota ba. Ya daɗe yana fama da rashin barci da ciwon damuwa, ya rasu ran 25 ga Oktoba 1960 a gidansa kusa da Stow-on-the-Wold, bayan maganin barci ya yi masa yawa. A shekarar da ta biyo baya motar, P99, ta fito, Stirling Moss ya ci kofin zinare na Oulton Park da ita a kan hanya mai damshi. Har yau ita kaɗai ce mai jan taya huɗu da ta taɓa cin tseren Formula One, ko da yake ba na gasar duniya ba ne. A 1966 tsarin ya shiga motar kasuwa, Jensen FF, mai ba gaba kashi 37 na ƙarfi, baya kashi 63. Guda 320 kacal aka ƙera.

Abin da ya rage shi ne inji mai ƙarfin da taya biyu ba za su iya da shi ba, kuma turbo ce ta kawo shi. Alfred Büchi, ɗan Suwizalan, ya yi rajistar dabarar tun 1905, kuma shi ma daga poli ya fito, ta Zurich. Hayaƙin da zai fita ta salansa ne ke juya farfela, ita kuma ta juya wata farfelar mai cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Audi Quattro ta haɗa turbo da jan taya huɗu a 1980, Nissan ta fito da Skyline GT-R mai turbo biyu a 1989, Mitsubishi Lancer Evolution da Subaru Impreza WRX suka biyo a 1992. Kowane kamfani da tasa hanyar raba ƙarfi, amma tambayar ita ce dai ta Ferguson.

Waɗannan su ne motocin da masu gyara don tsere suka fi so. Aikin nasu a jere yake tafiya: babbar turbo, babban masanyayin iska domin matsattsiyar iska zafi take yi, famfo da bututun mai masu ɗaukar yawa, fistin da sandunansa masu jure duka, sannan a sake saita kwamfutar inji. Wannan na ƙarshe shi ne wurin da ake fasa inji, don in mai ya yi kaɗan ko wuta ta yi saurin tashi, fistin narkewa yake yi. Babbar turbo kuma tana da nawa, ba ta farkawa sai inji ya ɗau zafin juyi, shi ya sa kake jin motar na ta tartsatsi a kan layi kafin a sake ta. Mita 18 na farko su ne ake aunawa da muhimmanci, a nan mai taya huɗu ke barin mai taya biyu tana ƙona roba a wuri ɗaya.

Riƙon nan ba kyauta ba ne. Ƙarin shaf da giya nauyi ne, kuma suna cin wani abu daga ƙarfin injin, shi ya sa manyan dodannin tseren Amurka har yanzu da faffaɗan tayoyin baya kawai suke ja. Sannan a mota mai jan baya, in ƙarfi ya yi yawa taya ce ke zamewa ta sauke shi. A mai taya huɗu babu mai zamewa, duk bugun yana bi ta kuloci, ya shiga giyabos, ya wuce marabar tsakiya, ya ƙare a sandunan taya, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke karyewa. Don haka mai Evolution da ya san abin da yake yi, kafin ya taɓa turbo, kuɗin kuloci mai faifai biyu da ƙaƙƙarfan sandunan taya yake fara warewa.