Labarin Bishop Ajayi Crowther, Bawan da Bai Rama Ba

Ya kai mai karatu, kadan an taɓa cutarka, zuciyarka kuwa tana cewa sai ka rama, ka tsaya tukuna ka ji labarin wannan mutum.

Ajayi Bayarabe ne, mutumin Osogun. A shekara ta 1821, sa'anda ya ke yaro wajen shekara 12, mahara suka fāɗa wa garinsu, Fulani da Yarbawa Musulmi. Suka sa wuta, suka ɗaure shi da igiya a wuya tare da uwatasa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka musanya shi da doki, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har ya kai Ikko, inda Turawan Fotugal suka saye shi. Ananan a watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka kama jirgin bayin, aka kai shi Saliyo, aka 'yanta shi.

Can ya koyi karatu, ya ji bisharar Yesu Kristi, aka yi masa baftisma a 1825 da suna Samuila Crowther. A 1843 aka naɗa shi limamin ikilisiya. A 1846 kuwa, a Abeokuta, ya ga uwatasa bayan rabuwar shekara 25. Ita ma ta ba da gaskiya, aka sa mata suna Hannatu.

To, a nan ne maganarmu ta ke. Mutum wanda ya sha wannan wuya, ya sami ilimi da girma, Turawa kuma suna jin maganarsa, da ya so da ya riƙe ƙiyayya ga Musulmi har ranar mutuwarsa. Amma sai ya juya fuskarsa wajensu da alheri. Ya hau kogin Kwara a 1841, da 1854, da 1857. Ya rubuta littattafai na koyon Nufanci. Ya riƙa zuwa Bida gaida Sarkin Nupe Masaba da ladabi, yana ba sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Ya gargaɗi ma'aikatansa kada su zagi addinin kowa, sai su amsa tambaya da taushin hali. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, shi ne baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikilisiyar Ingila.

Gwaji bai ƙare ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin Kwara, yana neman fansa, har wani Bature ya mutu da kibiya garin ceto su. Duk da haka bai bar aikin kogin ba.

Amma gwaji mafi zafi daga cikin gida ya fito, gama sāran ɗan'uwa ya fi na baƙo ciwo. A 1890, a Onica, waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka tsaya gaban tsohon nan, mai shekara wajen 80, suka ɗora wa ma'aikatansa laifofi, suka dakatar da waɗansu, har da ɗansa. Gaskiya ne akwai masu laifi cikin ma'aikatan, shi kuma ya cika sassauci gare su. Amma an ƙasƙantar da shi ƙwarai, ba a duba furfurarsa ba. Bai ɓoye cewa an yi ba daidai ba: ya faɗi gaskiyarsa, ya sauka daga shugabancin majalisarsu. Amma bai zage su ba, bai kuwa bar bin Ubangijinsa ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Mutane za su ce ya mutu ba a biya shi hakkinsa ba. Amma shari'ar Allah ba ta ƙarewa a bakin kabari. A 2014 babban bishop na Kantabari ya tsaya cikin majami'ar da aka naɗa shi, ya furta a gaban jama'a cewa an zalunce shi. Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda ya sha wahalar juyawa, ya zama gādo ga mutanensa. Kamar Yusufu ne a Masar, wanda 'yan'uwansa suka sayar, Allah kuwa ya mai da muguntarsu abin ceto.

Kai fa, ɗan'uwa? Watakila danginka sun kore ka sabada sunan Yesu, ko an ƙwace gonarka, ko an ɓata sunanka a kasuwa. Ba a hana ka faɗin gaskiya ba, ba a kuwa hana ka kai ƙara gaban alƙali ba. Abin da aka hana ka shi ne ramako, gama wannan na Allah ne, shi kaɗai ya san zukata. Ka gaida wanda ya cuce ka. Kadan ya yi ciwo, ka je ka duba shi. Ka ambaci sunansa cikin addu'arka yau da dare. Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, kai ma da jinƙai aka karɓe ka.

Allah ya ba mu zuciya irin wannan. Amin.