Umaru ɗan Abdul'azizu, Halifan da Ya Mayar wa Masu Gona Gonakinsu

 Wannan labarin Umaru ɗan Abdul'azizu ne, na takwas cikin halifofin Banu Umayya. Shekara biyu da wata biyar kaɗai ya yi a kan mulki, amma a cikin wannan ɗan lokaci ya karɓe gonaki daga hannun danginsa 'ya'yan sarauta ya mayar wa masu su, bayan ya fara da nasa na kansa.

Mafi yawan masu tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka haife shi, wajen shekara ta 61 ko ta 63 bayan Hijira. Ubansa Abdul'azizu ɗan Marwanu shi ne ya riƙe ƙasar Masar kimanin shekara 20. Uwarsa kuwa Ummu Asimu, 'yar Asimu ce ɗan Umaru ɗan Haɗɗabi, watau dai ta wajen uba jinin sarauta ne, ta wajen uwa kuma tattaɓa kunnen halifa na biyu ne. Tun yana yaro wata dabba ta uban ta harbe shi a goshi, tabon ya zauna masa har ƙarshen ransa. A Madina ya yi karatu, ya haddace Alƙur'ani, ya zauna gaban malamai irin su Salihu ɗan Kaisanu da Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba. Da ubansa ya rasu, sai baffansa Halifa Abdulmaliki ya jawo shi Dimashƙa, ya aurar masa da 'yarsa Faɗimatu.

A shekara ta 87, wadda ta yi daidai da 706 ta Miladiyya, Halifa Walidu ya naɗa shi gwamnan Madina. Da isarsa ya tara malamai goma daga cikin manyan masana fiƙihu na garin, ya sanar da su ba zai yanke wani al'amari ba sai da shawararsu. A hannunsa aka faɗaɗa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutanen da suka guje wa takobin Hajjaju ɗan Yusufu daga Iraƙi suka riƙa samun mafaka a ƙasarsa, abin ya ɓata wa Hajjaju rai, ya kai ƙara wurin Walidu, aka tuɓe Umaru a shekara ta 93. A wannan zamani duka Umaru ɗan gata ne sosai. Ba wanda ya fi shi tsadar tufa da turare cikin 'ya'yan sarauta, har ana gane ya wuce ta wata hanya saboda ƙanshi, kuma yana da gandaye a Sham da Masar da Yaman da Yamama.

To, kafin a fahimci aikin da ya yi, tilas a san yadda sha'anin ƙasa yake a lokacin. Sa'ad da aka ci Iraƙi da Sham da Masar, Umaru ɗan Haɗɗabi ya ƙi raba gonakinsu ga mayaƙa. Ya bar su a hannun manomansu, suna biyan haraji, domin amfanin ya isa ga dukan Musulmi, na lokacin da masu zuwa a baya. Gonakin sarakunan Farisa da na waɗanda suka gudu suka bari kuwa aka mayar da su na baitulmali. Da mulki ya koma hannun Banu Umayya, sai halifofi suka shiga yanka wa 'ya'yansu da barorinsu waɗannan filaye, kowa da takardarsa mai hatimi. Masu ƙarfi suka riƙa sayen ƙasar haraji, wadda da ta shiga hannun Musulmi sai ta koma ta ushiri, abin da ake biya ya ragu. Waɗansu ma ba saye, sai ƙwace. Kuɗin baitulmali ya yi ƙasa, nauyin ya koma kan manoman da suka saura. Wanda ya musulunta ya bar ƙauye ya tafi birni, Hajjaju ya sa a komar da shi ƙauyen a ci gaba da karɓar jiziya a kansa.

Haka al'amari yake har watan Safar na shekara ta 99, watau 717, sa'ad da Halifa Sulaimanu ya kwanta ciwon ajali a Dabiƙ, kusa da Halab. Malaminsa Raja'u ɗan Haiwa ya ba shi shawara ya bar wa Umaru mulki, ya yarda, aka rubuta wasiyya aka rufe, da sharaɗin Yazidu ɗan Abdulmaliki ya gaje shi. Aka karɓi mubaya'ar dangi a kan abin da ke cikin takardar tun ba su san sunan da ke ciki ba. Da aka gama jana'iza aka kawo wa Umaru dawakin sarauta, ya ƙi hawa, ya nemi alfadararsa, ya sa a sayar da dawakin a zuba kuɗin a baitulmali.

An ruwaito cewa a ranar nan ya shiga gida zai ɗan kishingiɗa, da niyyar ya fara duba kayan zalunci bayan azahar. Ɗansa Abdulmaliki, saurayi mai tsoron Allah, ya tambaye shi wa ya lamunce masa rai har azahar. Umaru ya gode wa Allah da Ya ba shi ɗa mai taimakonsa a kan addini, ya fasa barcin, ya sa mai shela ya kira duk wanda aka zalunta ya kawo ƙararsa.

Sanin cewa mai dokar barci ba ya kamata ya ɓige da gyangyaɗi, da kansa ya fara. Ya hau mumbari, aka kawo kwandon takardun gandayen da halifofi suka ba gidansu, baransa Muzahimu yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana karɓa yana yankewa da almakashi, har aka kira salla. Abin da ya san mai shi ya mayar wa mai shi, abin da bai san mai shi ba ya mayar baitulmali. Bai bar wa kansa kome ba sai wata gona a Suwaida, domin fili ne da ba na kowa ba, shi ya raya shi da kuɗin albashinsa. Cikin abin da ya saki har da Fadak, dausayin dabino na ƙasar Hijaz, wadda ta fi kowace dukiya tasa albarka. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga cikinta ake ciyar da iyalinsa da mabukatan Banu Hashim. Daga baya ta faɗa hannun Marwanu, ta gangaro har ga jikansa Umaru. Ya tara dangi ya sanar da su ba shi da haƙƙi a cikinta, ya mayar da ita yadda take a da. A wata ruwaya kuma an ce ga zuriyar Nana Faɗimatu ya miƙa ta. Matarsa ma yana da labarin wani ado mai daraja da ubanta ya ba ta, ya ba ta zaɓi tsakanin adon da zama da shi. Ta zaɓi mijinta, aka kai adon baitulmali.

Sa'an nan ya juyo kan dangi. Wani tsoho Banasare daga Himsa, cikin masu zaman amana, ya kawo ƙarar Abbasu ɗan Halifa Walidu a kan ya ƙwace masa gona. Abbasu yana zaune a majalisar, ya fitar da hujjarsa, watau ubansa ne ya ba shi, da takarda. Umaru ya yanke cewa Littafin Allah ya fi takardar Walidu cancantar a bi, ya umarce shi ya mayar da gonar, ya mayar. Wani ɗan Walidu kuma, Rauhu, yana riƙe da waɗansu shagunan mutanen Himsa da irin wannan takarda, shi ma aka tilasta shi ya saki. Da wannan hukunci kowa ya gane hatimin sarki ba ya halatta abin da aka ƙwace, kome daɗewarsa a hannu.

Banu Umayya suka ga gandayensu suna zubewa, suka aika gwaggonsa Faɗimatu 'yar Marwanu, wadda halifofi ba sa ƙin maganarta. Ya karɓe ta da girmamawa, ya kawo mata misalin wani kogi da Annabi ya bar wa mutane kowa yana sha daidai, waɗanda suka biyo baya suka yi ta yanka magudanai daga jikinsa har ya ƙafe, ya kuwa nuna mata niyyarsa ita ce ya toshe magudanan ruwa ya koma hanyarsa. Ta gargaɗe shi da sharrin wata rana daga danginsa, ya nuna ranar alƙiyama ce kaɗai yake tsoro. Ta koma ta gaya musu su suka jawo wa kansu, da suka auro jinin Umaru ɗan Haɗɗabi.

Bai tsaya ga Sham ba. Ya rubuta wa gwamnoni su mayar da duk abin da aka karɓa da zalunci, wanda ya mutu a ba magadansa. Ya sauƙaƙa sha'anin shaida, gama ya san talakan da aka ƙwace wa gona shekara 20 da suka wuce da wuya ya sami shaidu cikakku, saboda haka in alamar gaskiya ta bayyana sai a mayar masa. An ruwaito cewa mayar da haƙƙoƙi ya ƙarar da baitulmalin Iraƙi har sai da aka kawo kuɗi daga Sham. Ya sa aka karanta wa mahajjata takarda cewa duk wanda ya yi tafiya ya zo masa da labarin wani zalunci da za a gyara, za a ba shi daga dinari 100 zuwa 300 gwargwadon wahalar tafiyarsa. Har mutanen Samarƙandi, can gabas mai nisa, suka aiko da ƙarar cewa Ƙutaiba ɗan Muslimu ya shiga garinsu ba bisa ƙa'ida ba. Umaru ya sa a naɗa musu alƙali, alƙali ya yanke rundunar Musulmi ta fita. Da mutanen garin suka ga haka, suka zaɓi a zauna yadda ake.

Bayan mayar da abin da aka ƙwace, ya nemi toshe ƙofar da ɓarnar ta shigo. Daga shekara ta 100 ya hana sayar da ƙasar haraji, domin dukiyar jama'a ce gaba ɗaya. Wanda ya musulunta ya ɗauke masa jiziya, amma gona tana nan da harajinta. Da ya ji gwamnan Hurasan, Jarrahu ɗan Abdullahi, yana matsa wa sababbin Musulmi, ya tuɓe shi. Ya buɗe makiyayun da sarakuna suka keɓe wa dabbobinsu, kowa ya yi kiwo. Ya umarci gwamnansa na Kufa, Abdulhamidi ɗan Abdurrahmani, kada ya ɗora wa gonar da ta mutu harajin gona mai rai, kuma manomin da ƙarfinsa ya kasa a ranta masa daga baitulmali ya noma gonarsa, gama ba don shekara ɗaya ko biyu ake bukatar manoma ba. A Andalus ma ya sa gwamnansa Samhu ɗan Maliki ya auna ƙasar ya fitar da rabon baitulmali.

Shi kansa kuwa, mai turaren da, ya koma ba shi da riga sai ɗaya, in an wanke sai ya jira ta bushe. Ɗansa Abdulmaliki da ƙanensa Sahlu da baransa Muzahimu, waɗanda su ne mataimakansa a kan wannan aiki, duk suka riga shi rasuwa kusa da kusa. Sa'an nan shi ma ya kwanta. Masu tarihi da yawa sun ruwaito cewa guba aka ba shi ta hannun wani bara. Ya sayi wurin kabarinsa da kuɗinsa daga masu gidan ibadar Nasara na Dairu Sam'an, domin bai yarda a binne shi a ƙasar da bai biya ba. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101, watau 720, bai cika shekara 40 ba ko kuwa ya cika ta da kaɗan. 'Ya'yansa da yawa, abin da ya bar musu 'yan dinari ne ƙalilan.

Da Yazidu ya hau, ya yi wa 'yar'uwarsa Faɗimatu tayin mayar mata da adonta, ta ƙi, don ba ta ga dalilin bin mijinta yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba. Amma sauran dangi ba su yi irin halinta ba. Aka canza gwamnoni, aka warware da yawa daga cikin abin da Umaru ya ɗaura, jiziya ta komo kan sababbin Musulmi a waɗansu ƙasashe, gama gyaran ya dogara ne ga mutum ɗaya, waɗanda aka karɓe wa gandaye kuwa su suka gaji mulki. Fushin mutanen Hurasan ya yi ta taruwa, har a shekara ta 132, watau 750, Banul Abbasi suka tumɓuke daular Banu Umayya. Suka tone kaburburan halifofinta, amma na Umaru ba su taɓa ba.

Malamai da yawa suna ƙidaya shi na biyar ga halifofi shiryayyu, suna kuma ganinsa mujaddadin ƙarni na farko. Imamu Maliki ya kafa hujja da hukunce-hukuncensa a cikin Muwaɗɗa, almajirinsa Abdullahi ɗan Abdulhakami kuma ya tara tarihinsa a littafi guda. Duk mai mulkin da ya yi niyyar mayar wa raunana ƙasarsu, tarihin Umaru yana nuna masa cewa daga gandunsa zai fara, sa'an nan na danginsa, kuma ya kafa abin a kan doka da mutanen da za su tsare ta bayan ransa. Allah Ya jiƙan Umaru ɗan Abdul'azizu, Ya ba shugabanni ikon koyi da shi, Ya tsare kowa daga cin taƙi ɗaya na ƙasar wani. Amin. Tamat.